Ruwan Injin Hayaƙi: Me Muke Shaƙa a Wajen Biki?

A dinar biki ta yanzu, a Kano ne ko Kaduna ko Abuja, shigowar ango da amarya ba ta cika sai farin hayaƙi ya tashi. Mai ɗaukar bidiyo yana jiran sa, DJ yana jiran sa, domin in babu shi fitilun nan masu juyawa tabo kawai suke yi a bango, ba a ganin igiyar haskensu a iska. Haka abin yake a wajen ɗaukar waƙoƙin fim da kan dandamalin mawaƙa. Masu biki kan zauna su yi doguwar tattaunawa kan kuɗin hol da ado da abinci, har a ɗanɗana miya kafin a biya, amma da wuya ka ji wanda ya tambayi mai injin me ya zuba a tanki. Alhali abinci sai wanda ya ga dama zai ci, hayaƙin kuwa kowa sai ya shaƙa: jaririn da ke goye, kakar amarya, mai fuka da ta zo da abin shaƙarta a jaka, da mawaƙin da zai yi awa biyu yana buɗe maƙogwaro. Don haka ni a ganina ruwan nan ya cancanci irin kulawar da ake ba duk abin da zai shiga jikin mutum.

Sai an san yadda injin yake aiki kafin a gane dalilin da ba kowane ruwa ake ɗura masa ba. A cikinsa akwai tanki, da ƙaramin famfo, da wani dunƙulen ƙarfe mai siririn bututu a tsakiya. Wutar lantarki ce ke gasa dunƙulen har zafinsa ya haura digiri 200, a injuna da yawa ma ya doshi 300. Shi ya sa in an kunna sai an jira wasu mintuna. Da an danna maɓalli, famfo zai tura ruwan cikin bututun, ya koma tururi nan take, ya fito ta baki da ƙarfi. Yana haɗuwa da iskar ɗaki, wadda ta fi shi sanyi nesa ba kusa ba, sai ya koma 'yan mitsi-mitsin ɗigo masu shawagi. Su ne farin da ido ke gani. In komai na tafiya daidai babu abin da aka ƙona, kuma a nan ya bambanta da turaren wuta a kasko.

Dabarar ba ta daɗe sosai ba. Kafin shekarun 1970 masu fim da masu wasan dandamali mai suke ƙonawa ko sinadarai masu shaƙe mutum. Wani Bajamushe, Günther Schaidt, shi ya fito da ruwan da ake haɗawa da sinadarin gilaikol, kuma a tsakiyar shekarun 1980 hukumar da ke ba da kyautar Oscar ta karrama shi da lambar kimiyya da fasaha saboda wannan aiki, lokacin yana tare da kamfanin Rosco. Dalilin karramawar shi ne ya samar da ruwan da ba ya cutar da 'yan wasa kamar na da.

Abin da ke cikin ruwa mai kyau bai da yawa. Tataccen ruwa ne da aka raba da duk wani gishiri da ma'adini, sai a haɗa shi da ɗaya ko biyu daga cikin dangin gilaikol, ko da gilisarin. Waɗanda aka fi gani a jikin jarka su ne furofilin gilaikol, da ake taƙaitawa PG, da tirayetilin gilaikol, wato TEG. Kowannensu da zafin da yake tafasa: PG wajen digiri 188, TEG wajen 285, gilisarin wajen 290. Waɗannan alƙaluma su ne asirin sana'ar gaba ɗaya. Ruwan da PG ya fi yawa a cikinsa hayaƙinsa yana ɓacewa da wuri. Wanda TEG ko gilisarin ya rinjaya yana yin kauri, ya daɗe a rataye. Kamfani kuma yana saita zafin injinsa ne daidai da haɗin ruwan da ya yi masa.

To, idan aka zuba ruwa mai buƙatar zafi sosai a injin da bai kai ba, ba duka zai koma tururi ba. Injin zai riƙa tofar da ruwa mai zafi, ya jiƙa tayil ya bar santsi, kuma a daidai inda amarya za ta taka da dogon takalmi. Idan kuwa zafin ya wuce ƙima, sinadarin yana fashewa ya haifar da wasu abubuwa dabam. Gilisarin da ya ƙone yana ba da akrolin, mai yaji a ido da maƙogwaro. Gilaikol da ya ƙone yana iya ba da fomaldehaid. Duk wanda ya taɓa shiga hol ya ji hayaƙin yana ƙauri, idanu suna ruwa, mutane suna tari, to alama ce ta ɗayan biyu: ko ruwan bai dace da injin ba, ko abin da ke daidaita zafin injin ya lalace. Hayaƙi mai kyau kusan ba shi da wari, sai ɗan zaƙi-zaƙi kaɗan.

Kamfanoni irin su Antari da Chauvet da Martin da Look Solutions duk suna rubutawa a littafin jagora cewa a yi amfani da ruwan da suka amince da shi, in ba haka ba garanti ya ɓaci. Ba shakka akwai neman ciniki a ciki. Amma dalilin zafin da na bayyana gaskiya ne. Mai injin da babu sananne suna a jikinsa, irin waɗanda suka fi yawa a kasuwanninmu, ya nemi ruwan wani sanannen kamfani da aka rubuta cewa na injin dumama ne na gama-gari, ya fara gwada shi a fili kafin ranar biki, ya duba ko yana tofi, ya sunsuna ko yana ƙauri.

Kafin a je kanti, a fara tsayar da abin da ake son gani, domin abu uku ne mabambanta mutane ke haɗawa wuri guda. Na farko shi ne gajimaren da ke fitowa da ƙarfi ya tashi sama, na lokacin rawa ko fitowar mawaƙi. Na biyu siririn hazo ne da ido ba ya cika gani sai haske ya ratsa shi. Shi ne ke sa fitilu da lesa su zana layi a iska, kuma shi masu fim suka fi buƙata. Yana da injinsa na musamman, wasu na ruwan gilaikol, wasu na tataccen farin mai da ake fesawa da matsin iska ba tare da dumamawa ba. Na uku shi ne wanda ke kwanciya a ƙasa ya rufe ƙafafu, wanda amare suka fi so don hoton shigowa.

A kan na ukun nan aka fi samun saɓani tsakanin mai biki da mai inji. Hayaƙin da ke fita daga injin dumama da ɗumi yake fita, abu mai ɗumi kuwa sama yake yi. Babu ruwan da za a saya ya hana shi tashi. Sai an sanyaya shi, ko ta bi da shi cikin akwatin ƙanƙara, ko ta injin da ke da na'urar sanyi, ko wanda ke girgiza ruwa ya mai da shi raɓa. Ruwan da ake sayarwa don wannan aiki an yi shi ne ya ɓace da wuri, tun kafin ya ɗumama ya tashi. In aka sa ruwa mai daɗewa a injin ƙasa, minti biyu na farko za su yi kyau, daga nan ya tashi ya cika hol, mai hoto ya kasa ganin fuskar amarya. Fanka da na'urar sanyaya ɗaki mai hura iska ƙasa su ma suna watsa shi, don haka a kan rage su na ɗan lokacin shigowar.

Ruwan mai da ruwan gilaikol ba sa musanya. Mai da ya shiga injin dumama yana toshe bututu, yana ƙonewa, yana iya kama wuta. Wannan ya haɗa da man jarirai, wanda wasu ke tsammanin ai tunda ana shafa wa yaro ba zai cutar ba. Shafawa a fata dabam, gasawa a digiri 300 a tura huhu dabam.

Yanzu ga inda damuwata ta fi yawa, wato ruwan da ake haɗawa a gida ko a bayan shago a ɗura a jarka marar rubutu. Na san dalilin: na kamfani da tsada, musamman tunda canji ya tashi, mai inji kuma yana son ya fita da riba. Haɗin da ke yawo a intanet shi ne gilisarin da ruwa, kuma lallai yana ba da hayaƙi. Matsalar tana wurare uku, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Mafi sauƙi ita ce ta ruwan. Ruwan leda da na famfo da na rijiyar burtsatse duk suna da ma'adinai. Ruwa yana tafiya a tururi, su kuma su zauna a bututu su yi ɓawo har ya toshe. Tataccen ruwa kaɗai ya dace. A nan ma akwai tarko: a wajen masu batir ana sayar da tataccen ruwa na ƙari, ana kuma sayar da ruwan batir mai asid, kuma mutane duka biyun "ruwan batir" suke ce musu. Wanda aka aika ya sayo yana iya dawowa da mai asid ɗin ba da saninsa ba.

Ta biyu ita ce turare. Mu mutane ne masu son ƙamshi, kuma ba laifi ba ne mai biki ya so hol ya yi ƙamshi. Amma humra da turaren mai ba a yi su don bututu mai zafi ba. Suna ƙonewa su toshe shi, na feshi kuma yana da sifirit mai kama wuta. Akwai ƙamshin da kamfanonin hayaƙi ke yi musamman don wannan, ɗigo kaɗan a jarka. In babu shi, a bar hayaƙi da aikinsa, a sa kasko a bakin ƙofa.

Ta ukun ita ce mai nauyi. Gilisarin da PG suna da 'yan uwa masu guba da ido ba ya iya bambanta su: dayetilin gilaikol, wato DEG, da etilin gilaikol, wanda ake sawa a ruwan sanyaya injin mota. Su ma ba su da launi, suna da yauƙi da ɗan zaƙi, kuma sun fi araha, shi ya sa marasa tsoron Allah ke sayar da su da sunan na kirki. Nijeriya ta san wannan da hawaye. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu bayan shan maganin haƙori na My Pikin, wanda aka gano DEG a cikinsa, an saye shi ne a matsayin PG. A 2022 kuma yara kusan 70 suka rasu a Gambiya ta irin wannan hanya da maganin tari. Waɗannan sha aka yi, ba shaƙa ba, kuma ba ina cewa illar ɗaya ce ba. Abin da nake nunawa shi ne, in har masu haɗa magani sun sayi jabu a kasuwar sinadarai, mai injin hayaƙi da ya sayi lita biyar a jarka marar suna ba shi da hanyar sanin abin da ya saya. Ga kuma yara da ke yawo a wajen biki, ga jarka a ƙarƙashin teburin DJ mai ruwa fari kamar na sha.

Jarka ta gaskiya tana da sunan kamfani, da irin injin da aka yi ta dominsa, da lambar rukunin da aka haɗa, da kwanan wata, murfinta kuma a like. Manyan kamfanoni suna sa takardar bayanan kariya, wadda ake kira SDS, a shafinsu, kowa na iya dubawa ya ga sinadaran da ke ciki. Mai biki ba sai ya zama masanin kimiyya ba. Ya isa ya ce, "Malam, don Allah nuna mini jarkar da ka zubo wannan." Mai sana'a na gari ba zai ji haushi ba.

Ko da ruwa mai kyau, yawa yana da illa, kuma an yi bincike a kai. A Amurka, ƙungiyar 'yan wasan dandamali ta Actors' Equity da masu gidajen wasa sun sa likitocin makarantar likitanci ta Mount Sinai da ke New York da kamfanin bincike na ENVIRON suka bibiyi 'yan wasa 439 a wasanni 16 na Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York, rahoto ya fito a 2000. Ba su ga mummunar illa mai ɗorewa ba, amma sun ga cewa idan gilaikol ya yi kauri a iska yana jawo ƙaiƙayin maƙogwaro da hanci da damuwar numfashi. Daga nan aka sa iyaka: kada gilaikol ya wuce miligiram 40 a kowace lita 1000 ta iska, mai kuma kada ya wuce 25. A Kanada, masu bincike na Jami'ar British Columbia sun duba ma'aikata 101 a wurare 19, suka wallafa a 2005. Sun samu cewa waɗanda suka daɗe suna aiki cikin hayaƙin sun fi kukan ƙarar ƙirji da matsewarsa, waɗanda suka fi kusa da injin kuma ƙarfin huhunsu ya fi raguwa. Wato baƙon da ya zo dare ɗaya ba shi ne a sahun gaba ba. Yaron DJ da ke tsugune kusa da injin kowane ƙarshen mako, da masu rawa a wajen ɗaukar waƙa da ake maimaita fitowa sau da yawa a rufaffen ɗaki, su ne ya kamata a fi tausayawa.

Babu wanda zai zo da na'urar awo dinar biki. Abin da ke hannunmu shi ne lokaci da tazara. A riƙa saki kaɗan-kaɗan, daƙiƙa 'yan kaɗan, a jira ya baje. Bakin injin ya yi nesa da mutane, kada ya kalli fuska ko teburin manya, kada ya kusanci labulen ado ko mayafi, don yana da zafin da zai ƙona fata. In daga tsakiyar hol ba a hango ƙofar fita, an yi yawa. Mai gabatarwa kuma ya sanar tun farko cewa za a saki hayaƙi, don masu fuka da masu jarirai su koma kusa da ƙofa.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Gilaikol da gilisarin suna jan danshi, shi ya sa suke busar da maƙogwaro da ido. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, hayaƙin yana saurin sirancewa, sai mai inji ya ƙara danna maɓalli, alhali mutane dama da busasshen maƙogwaro da mura suka zo. A damina kuwa ɗan kaɗan yana daɗewa. Ruwa ɗaya, inji ɗaya, amma bikin Janairu da na Agusta ba za su ba da sakamako ɗaya ba. Sai kuma wuta: injin wat 1500 ya fi ƙarfin ƙaramin janareta, in kuma an jona shi a waya ɗaya da sifiku da fitilu, zai daɗe bai yi zafi ba, ya riƙa yankewa, mai arha ma ya fara tofi. Sau da yawa ana ɗora wa ruwa laifin da na wuta ne. A manyan otal-otal kuma ƙararrawar gobara mai gano hayaƙi tana iya tashi, don haka a yi magana da masu wurin tun kafin ranar, kada wani ya hau kujera ya rufe ta da leda.

Busasshiyar ƙanƙara tana buƙatar magana ta daban, domin tana ba da hayaƙin ƙasa mafi kyau, kuma ita ce mai kisa cikin gaggawa. Iskar kabon dayoksaid ce da aka daskarar, sanyinta digiri 78 ƙasa da sifili, tana ƙona hannu in an taɓa ba safar kauri. Ana jefa ta a ruwan zafi sai farin ya kwarara. Kilo ɗaya yana sakin iska fiye da lita 500, iskar kuma ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ƙasa take taruwa, ba ta da wari. A Fabrairun 2020 a birnin Mosko, an zuba fiye da kilo 20 a wurin wanka na cikin gini lokacin wani bikin zagayowar ranar haihuwa, mutum uku suka mutu. A wurinmu waɗanda ke kusa da ƙasa su ne yara ƙanana da masu zama kan darduma. Ba a amfani da ita a ƙaramin ɗaki rufaffe, ba a barin yaro ya kwanta cikin farin don hoto, ba a ɗauko ta a mota da gilasai a rufe, ba a kuma rufe ta a kwalba ko kula mai matsewa, domin tana fashewa.

Bayan biki, injin yana son a kula da shi in ana son ruwa mai kyau ya ci gaba da fita da kyau. Kada a bar famfo ya ja iska a tanki marar ruwa, yana lalacewa. Kada a ƙara sabon ruwa a kan wani iri dabam da ya rage. A juye, a ɗauraye tankin da tataccen ruwa. Wasu littattafan jagora suna cewa bayan kamar awa 40 na aiki a bi da haɗin tataccen ruwa kashi 80 da farin binega kashi 20, wasu kamfanonin kuma sun hana binega sam, suna da ruwan wankinsu, don haka a bi na injin da ke hannu. In an yi wankin, a yi shi a fili, a kuma bi da ruwan hayaƙi na ainihi kafin a ajiye. Jarka ta zauna a inuwa da murfinta a ɗaure, inda hannun yara bai kai ba, kada ta kwana a bayan mota a zafin Afrilu. Ruwan da ya yi gurɓi-gurɓi, ko ya canza launi, ko ya fara tsami, ba a mayar da shi tanki.